Wanda Ya San Iyakar Gonarmu

Asabar ce, a tsakiyar lokacin zafi. Na tashi na tarar Baba ya riga ni. Yana zagaya falo da sabon takalmi, daga taga zuwa ƙofar kicin, ya juyo. Takalmi ne mai nauyi na hawan dutse, wanda 'yata Rifkatu ta saya masa. Ya ce tun yanzu yake horar da shi, kada ya ci masa ƙafa a gaban alƙali.

Na ɗora babbar tukunyar gwate, acca da ganye da ƙashin saniya, irin yadda ake yi a wajenmu. Rediyo ya ce ba ruwan sama yau. Rifkatu tana guge rigunan tafiya tana rera wata waƙar coci. Ranar Talata za su tashi zuwa Najeriya, ita da shi.

Ga abin da zai kai su. Baba yana yaro mai kiwon awaki lokacin da kamfanin kuza na Turawa ya tashi ƙauyenmu a kan tsaunukan Filato. Aka ba mutane wa'adi su kwashe kayansu. Kafin su tashi, kakana ya kama hannun Baba ya zagaya da shi iyakar ƙasar gidanmu da ƙafa, tun safe har rana ta karkata. Ya nuna masa kowane dutse da kowane itace, da tudun da aka binne iyayenmu na da. Sauran gidaje ma haka suka yi da 'ya'yansu.

Kakana ya mutu yana kai ƙara. Kuza ta ƙare, Turawa suka tafi suka bar kududdufai, amma ƙasar ba ta dawo hannunmu ba. Daga hannun hukuma ta koma hannun wani attajiri, ya zagaye ta da waya. Baba ya gaji ƙarar. Ya yi ta bi har ya tsufa, har Mama ta rasu na ɗauko shi zuwa Manchester, a Ingila. Daga nan ma bai daina ba.

A wannan shekarar kotu ta ce ta gaji da sauraron baki. Za ta fita da kanta a nuna mata iyaka a ƙasa. Da aka nemi yaran da aka zagaya da su a wancan zamani, duk sun mutu. Saura Baba.

Sau da yawa Rifkatu takan ajiye waya a gabansa ta ce ya faɗa ta ɗauka. Sai ya ƙi. Ya ce ba a faɗin iyaka daga kan kujera. Sai ƙafarsa ta taka, idonsa ya ga dutse, sannan na gaba zai zo masa. Ita dai ta bi bayansa ta buɗe ido, kamar yadda ya bi bayan ubansa.

Walimar sallama muka shirya masa a Zaure. Haka mu masu jin Hausa muke kiran ɗakin taron baƙar fata da ke tsallaken titi daga flat ɗinmu, sashen gidan benen da muke zaune a unguwar Hulme. Waɗanda suka riga mu zuwa ne suka gina shi da hannunsu, 'yan Jamaika da 'yan Gana da 'yan Najeriya, direbobin bas da ma'aikatan asibiti da tsofaffin ma'aikatan jirgin ruwa. Lokacin da aka rushe unguwar za a sake gina ta, matan Zaure suka fito da kujeru suka zauna a gaban katafila, har council, hukumar gari, ta haƙura ta bar musu filin. Cikin matan nan guda ɗaya ce ta rage, Mama Ivy, 'yar Jamaika, kuma makulli a hannunta yake.

Bangon Zaure hotuna ne tun daga ƙasa har sama: bukukuwan aure, jana'iza, yara ranar gama makaranta, samari sanye da kwat a bakin tashar jirgin ruwa suna jin sanyi. Akwai wata tsohuwar ganga daga Gana. Akwai akwatin ƙarfen da mahaifiyar Mama Ivy ta shigo ƙasar da shi. A baya kuma lambu ne, inda alayyafo da yakuwa da gauta suke girma a ƙarƙashin leda. Baba da Mama Ivy sukan wuni a can suna gardamar wanda ya fi iya shuka.

A makon nan saƙonni sun yi ta yawo a waya. An yi tarzoma a wasu garuruwa. Wani ya rubuta cewa a Zaure ake ɓoye baƙin da suka shigo ƙasar ta kwale-kwale. Ƙarya ce, ba wanda ya taɓa kwana a ciki. Malam Aminu, wani injiniya ɗan Kano da ke cikin kwamitin Zaure, ya ce a ɗage walimar. Mama Ivy ta ce katafila ma ba ta tashe ta ba. Kuma Baba ranar Talata zai tafi, babu wata Asabar.

Da rana mutane sun cika. An ci, an sha zoɓo. Fasto ya yi addu'a, Malam Aminu ma ya yi tasa. Baba ya miƙe ya nuna wa kowa takalminsa, aka yi dariya. Na kai kuloli mota a layin baya, na jefa makulli a aljihun rigar girkina, na dawo. Jakata da wayata suna kan firji a kicin.

Wajen ƙarfe biyar na fara jin ƙarar. Kamar ta filin ƙwallo ce idan iska ta kwaso ta daga nesa. Ta zo, ta ɗauke, ta dawo. Sai jirgi mai saukar ungulu ya wuce ta kanmu ƙasa-ƙasa, cokula suka yi rawa a kan tebur. Mai kiɗa ya kashe kiɗa.

Malam Aminu ya leƙa waje. Ya dawo ya rufe ƙofa, ya sa sakata, ya jawo tebur ya tokare. Mutum uku suka kira 'yan sanda a lokaci guda. Aka ce suna tsakiyar gari, ana can ana fama, za su zo.

Kwalba ce ta fara. Ta fashe a jikin bango. Sannan tagar farko ta zubo gaba ɗaya a kan teburin abinci.

"Ku bar taga! Ku kwanta!"

"A kai yara lambu!"

Na kwanta a bayan wata kujera. Ta tagar da ta fashe ina ganin titi. Masu tarzoma sun cika shi har bakin ƙofar gidanmu. Wasu sun rufe fuska, da yawa ba su damu ba. Akwai masu tuta a wuya. Akwai mata a gefe da keken jarirai, sun ɗaga waya suna ɗauka. Wani yana cin soyayyen dankali daga takarda, yana kallo. Na ga mutumin da ke zaune a samanmu, wanda nake karɓar masa saƙo idan ba ya nan. Bulo ne a hannunsa. Idonmu ya haɗu. Ya kau da kai, ya jefa.

Suna rera abu ɗaya da Turanci, suna tafi. Ku fita. Ku fita. Ku fita.

Suka turo manyan mazuban shara na unguwa suka jingina da ƙofar gaba. Na ji warin fetur kafin na ga wuta. Hayaƙin roba baƙi ne, yana shigowa ta ƙarƙashin ƙofa, yana kama maƙogwaro. Ƙararrawar gobara ta ɗauka, ba wanda ke jin maganar wani kuma. Da hannu muke yi wa juna nuni.

Muka rarrafa zuwa lambu ta kicin. Gilashi ya shiga gwiwata, ban ji ba sai daga baya. Na wuce firji ban ko tuna da jaka ba. A lambu iyaye suna kiran sunayen yara. Shingen katako ne a baya, ya fi mutum tsawo, ba ƙofa. Malam Aminu da wasu maza biyu suka fara dukansa da ƙafa.

Na duba ban ga Baba ba.

Ya koma ciki. Mama Ivy tana zaune a kujerarta a gaban bangon hotuna, ta riƙe hannuwan kujerar, ta ƙi tashi. Baba yana tsaye a kanta yana roƙonta. Rifkatu ta bi shi. Ni ma na bi su, ina tari.

A lokacin suka shigo ta tagogi. Na farko ya yanke hannu a gilashi, ya zagi uwar wani, ya diro. Wasu suka biyo. Ba su kula mu ba da farko. Bango suka nufa. Suna fizgo hotuna suna jifa da su kamar faranti, suna ihu duk lokacin da gilashi ya fashe. Ɗaya ya ɗauki gangar nan ya buga, ya yi tsalle-tsalle yana kukan biri, sauran suna dariya. Da ya gaji ya sa ƙafa ya huda fatar. Wani ya cire hular cocin Mama Ivy daga kanta ya ɗora a nasa. Ta ɗaga kai ta dube shi. Gashinta fari ne ƙal, ɗan kaɗan ya rage. Ban taɓa ganin kanta a buɗe ba sai ran nan.

Rifkatu ta ɗaga waya tana ɗaukar fuskokinsu. Wata mata ta fizge, ta jefar, ta taka da dunduniya. Rifkatu ta sunkuya za ta ɗauka, matar ta taka mata yatsu. Na ji ƙarar ƙashin duk da ƙararrawar. Rifkatu ta yi ihu da Turancinta na 'yan Manchester, irin nasu sak, cewa a nan aka haife ta, a asibitin da ke Oxford Road. Suka kwaikwayi muryarta.

Wani saurayi ya zo gaban Baba. Ba zai wuce sa'an Rifkatu ba. Fuskarsa a buɗe, ta yi ja. Ya matso har yawunsa na taɓa Baba.

"Koma ƙasarka, tsoho!"

Baba ya dube shi. Ya ce da Turanci, a hankali, "Ranar Talata."

Saurayin bai gane ba. Ina jin ya ɗauka zagi ne. Rabin bulo ne a hannunsa. Bai jefa ba, da shi ya buga, a gefen kai sama da kunnen hagu. Ƙarar ba ta da yawa. Baba ya durƙusa, ya dafa ƙasa da hannu ɗaya. Saurayin ya ja da baya, ya duba ko abokansa sun gani, ya yi dariya.

Wuta ta ci ƙofar gaba ta kama labule. Wannan ne ya fitar da su, ba mu ba. Suka koma ta tagogin da suka shigo. Maza biyu daga cikinmu suka dawo suka ɗauki Mama Ivy da kujerarta. Ni da Rifkatu muka ɗaga Baba. Jini ya jiƙa masa wuyan riga. Ya ce mu sake shi, zai iya tafiya. Kuma ya yi tafiyar.

An ɓalle katako uku a shinge. Muka fita ɗaya bayan ɗaya zuwa wani siririn lungu mai warin fitsari. Da na waiwaya, wasu sun haura lambun ta gefe. Suna tuge yakuwa suna jifan juna da ita. Wani ya tsaya a kan kunyar gautan Baba ya kwance wando.

A lungu muka ƙirga kanmu. Kowa ya fito. Mama Ivy idonta a kan hayaƙi. Daga bakin lungun ana hango flat ɗinmu, a hawa na ƙasa yake. Tagogi biyu babu. Labulena yana lilo a waje. Katifar Baba tana tsakiyar titi, wani yana tsalle a kai.

Na ari wayar Malam Aminu na kira ƙanena Yohanna a Birmingham. Lambarsa ce kaɗai nake da ita a ka. Ya ce, "Yaya, ku taho nan. Kada ku tsaya ɗaukar komai." Matarsa Hannatu likita ce. Ya ce in mun iso za ta duba Baba.

Malam Aminu ya ce, "Maman Rifkatu, asibiti tukuna." Na ce to. Ya cire hularsa ya ba Rifkatu ta danne wa Baba ciwon. Shi ya tsaya da Mama Ivy da sauran.

Mota tana inda na bar ta. Baba da Rifkatu suka shiga baya. Hannunta na dama ya kumbura, da na hagu take danne hular. Na nufi Oxford Road. Ban kai ba. An tare hanya, motocin bas sun jeru ba direbobi, 'yan sanda da garkuwa suna mayar da motoci baya. Kafin in juya wasu mutane suka fito daga wani layi. Ɗaya ya daki gaban motar da tafin hannu. Ɗaya ya leƙo ta gilashi ya ga fuskokinmu, ya kira sauran. Na sa giyar baya. Na hau kan dakalin masu tafiya a ƙasa, na goge wani ƙarfe, na fita.

Na ce akwai wani asibitin a kudancin gari, a kan hanyarmu. Baba ya ce a'a. Jinin ya tsaya, muryarsa garau. Ya faɗa mini ranar da muke ciki, da sunan lauyanmu, da lokacin tashin jirgi, don in san hankalinsa ɗaya.

"Saratu, idan suka kwantar da ni, jirgi zai tashi ba ni. Kai ni wurin Hannatu. Ɗinki ne kawai."

Na ce, Baba. Ya ce, "Na faɗa miki."

Na hau babbar hanya.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne lafiyar da ke kan hanyar. Rana tana nan sama. Gonaki kore shar, shanu suna kiwo. Motoci suna wuce mu da kekuna a ɗaure a baya, yara suna barci a ciki. Mu muna warin hayaƙi. Ba mu da waya ko ɗaya. Ina jin numfashin Rifkatu, tana jan iska ta haƙora saboda yatsun.

Mun yi fiye da rabin hanya Baba ya ce kansa yana sara. Ya nemi a buɗe gilashi. Can sai ya ce, "Rifkatu, saurara."

Ya fara. Ba da Hausa ba, ba da Turanci ba. Da yarenmu, wanda rabona da jin an yi doguwar magana da shi tun mutuwar Mama. Ni ina tsintar kaɗan-kaɗan. Rifkatu ba ta ji ko gaisuwa.

Iyaka yake faɗa. Idonsa a rufe, ƙafafunsa cikin takalmin nan suna motsi a ƙasan mota kamar mai tafiya. Ya fara daga rafi, inda mata suke wanke acca. Na ji wannan. Ya hau zuwa itacen atili mai rassa biyu. Na ji wannan ma. Ya ambaci wani abu da ban san kalmar ba, ya ambaci sunan wani mutum, ya yi dariya kaɗan, kamar wani ya ba shi amsa. Sai dutse mai tsaga, wanda akuya ke iya wucewa ta ciki amma mutum ba ya iya. Daga nan ya ce a juya. Wata babbar mota ta wuce mu da ƙara, iska ta cika motar. Ban ji ta ina za a juya ba.

"Kaka, da Hausa! Faɗa da Hausa!"

Bai ji ta ba. Ya ci gaba. Rifkatu ta ce, "Mama, me yake cewa? Mama, fassara!" Ina tuƙi cikin gudu tsakanin manyan motoci biyu, ina kallon madubi, ina kallon hanya. Ina kama kalma ɗaya, uku su wuce. Babu biro, babu takarda. Rifkatu ta fara maimaita sautin bakinsa yadda ta ji, ba ta san ma'ana ba, tana kuka tana maimaitawa don kada ya ɓace mata. Shi kuma yana gaba, ba ya jira.

Ya daɗe yana tafiya. Ya tsallake wani ruwa. Ya bi shingen ƙerana. Ya gaishe da wasu mutane da sunayensu, sai na gane ya iso tudun kaburbura. A nan muryarsa ta canza, ta koma ta yaro. Ya ce wa ubansa ya gaji, Baba, ƙafata. Sannan kalmomin suka fara narkewa. Harshensa ya yi nauyi. Ya yi amai a kan cinyar Rifkatu. Kansa ya faɗa kafaɗarta.

"Mama, yana minshari."

Allon hanya ya nuna Birmingham ta kusa. Tsayawa a gefen hanya ba waya ba zai kawo kowa ba. Na taka mai. Na sauka daga babbar hanya, na keta jar wuta biyu. Ina kiran sunansa, ba Baba ba, sunansa na yanka, Bitrus, wanda ban taɓa furtawa a gabansa ba. Bai amsa ba.

Da sauran haske muka isa Perry Barr, unguwar su Yohanna. Yohanna da Hannatu suna tsaye a bakin ƙofa. Wani maƙwabci yana wanke mota. Hannatu ta buɗe ƙofar baya, ta ɗaga fatar idon Baba, ta haska da tocilar waya. Ta ɗaga ɗayan. Ba ta dube ni ba.

"Yohanna, motar asibiti! Yanzu!"

Jini ne ya taru a cikin kansa, a hankali, tun daga Hulme. An yi masa tiyata. Bai farka ba. Talata ta zo muna zaune a gefen gadonsa, injin yana numfashi a madadinsa. Yohanna ya fita ya kira lauya. Ranar Alhamis da hantsi likitoci suka kira mu wani ƙaramin ɗaki mai kujeru masu laushi. Da rana aka kashe injin.

Mun so mu kai shi gida. Amma 'yan sanda suna bincike, gawar ta daɗe a hannunsu, kuma ko an kai shi, tudun da yake so yana cikin waya. A Birmingham muka binne shi, tsakanin mutanen da bai sani ba. Malam Aminu ya zo daga Manchester ya kama makara. An kama saurayin ta hoton da wata ta ɗauka daga waje ta saka a intanet tana alfahari. Na gan shi a kotu sanye da farar riga da lakataye. Uwarsa tana kuka a bayana. Ya ce bai tuna komai ba, ya sha giya.

Ban koma Hulme da zama ba. Sau ɗaya na je kwashe abin da ya rage a flat. Mutumin sama ya gan ni a matakala, ya ce mini ina kwana. Zaure ya ƙone har rufi. Ba hoto ko ɗaya da ya fita. Akwatin ƙarfen yana nan, ya yi baƙi, abin da ke ciki ya zama toka. An kewaye filin da allunan katako, an ce ginin yana da haɗari. Kwamiti yana ta zaman taro da council a kan a bar mana filin mu sake gini. Har yau ana zaman. Mama Ivy tana gidan kula da tsofaffi. Idan na je takan tambaye ni ko Bitrus ya sauka lafiya. Nakan ce ya sauka.

Kotun gida ta ɗaga fitarta sau ɗaya saboda rasuwar. Ba ta ɗaga na biyu ba. Alƙali ya fita, mutanen ƙauyenmu suka bi shi, kowa yana nuna inda ya ji an ce. Wannan ya ce nan, wancan ya ce can. Lauyan attajirin bai ma yi magana da yawa ba, ya bar su suna musu da juna. Aka ba mu wani ɗan zirin ƙasa a bakin rafi, inda ba wanda ya yi gardama. Sauran ya zauna a cikin waya, da tudun.

Ni da Rifkatu mun zauna sau da yawa muna haɗa abin da muka tsira da shi daga motar. Ita tana furta sautukan da ta riƙe, ni ina neman kalma a ciki. Mun kira wata gwaggonmu a Jos ta saurara. Ta ce wasu ba kalmomi ba ne, wasu kuma sunayen wurare ne da ba wanda ya sake kira tun kafin a haife ta. Yatsun Rifkatu biyu ba sa lanƙwasawa. Da hagu ta koyi rubutu.

Bara ta tafi ita kaɗai. Ta ce ɗaukaka ƙara sai da sabuwar shaida, kuma ko ba shaida tana so ta gani. Wani mai gadi ya bar ta ta shiga ta inda waya ta yanke. Ta kira ni ina wurin aiki, na fita waje na tsaya kusa da mazubin shara inda ba hayaniya.

Ta sami rafin. Ta hau ta sami atilin, reshe ɗaya ya bushe amma yana tsaye. Ta yi ta yawo cikin ciyawa har ta sami dutsen. Ta ce tsagar tana nan yadda ya faɗa, ta sa hannu a ciki, da sanyi. Ina jin iskar wurin a cikin wayar, da kukan wani tsuntsu.

Alamomi uku ke nan. Baba ya faɗi sun fi ashirin.

Ta ce, "Mama, ga ni a dutsen. Akwai hanya ta dama, akwai ta hagu. Daga nan ina?"

Na riƙe wayar. Ita ma ta riƙe. Ba ta sake tambaya ba.